Kayan Kanikanci ga Mai Shirin Ratsa Tenere

Idan Allah ya nufe ka da shiga ayarin motocin da ke tashi daga Agadas zuwa Bilma ta hamadar Tenere, fara da zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka sayi akwatin nan na kayan kanikanci mai hawa uku, wanda in an buɗe shi yake baje kansa kamar kayan lefe. Ka tabbata mai jan fenti ne. Ka sa yara biyu su ɗauko maka shi har ƙofar gida, maƙwabta su gani su san tafiyar ba ta wasa ba ce. Bayan kowa ya gani ya yaba, sai ka zaɓi sifana huɗu a ciki, ka tura sauran ƙarƙashin gado.

Huɗun su ne lamba 10, 12, 14 da 17, in dai motarka Toyota ce. A wannan hanya kuwa, in ba Toyota ba ce, to babbar Marsandi ce mai ɗauke da kaya, mutane kuma a saman kayan. Masu ƙera motocin Japan da waɗannan lambobi suka ɗaure yawancin abin da hannunka zai kai a cikin inji. Lamba 13 ta motocin Turai ce, in ka ɗauke ta yawon buɗe ido kawai za ta je ta dawo. Lamba 10 kuwa ka sayi uku. Ɗaya za ta faɗa cikin rairayi tun a zangon farko, ɗaya za a ara ba za a dawo da ita ba, ta ukun ka ɗaura mata igiya ka rataya a wuya tare da laya. Ka ƙara da filaya, sukundireba biyu, guduma, da sifanar kwance taya, wadda za ka gwada ta a kan tayarka tun kana gida.

Me ya sa ake wannan rowar? Lissafi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwatin ƙarfe mai kilo 25 ya cinye gurbin jarka guda cur, kuma tsakanin Agadas da Bilma tafiya ce ta fiye da kilomita 500 wadda babu gidan mai, babu mai faci, babu mai sayar da ruwan leda. Ga mota in ta shiga rairayi mai laushi shan manta kan kusan ninkawa. Saboda haka duk ƙarfen da ka ɗaga za ka sa a mota, ka dube shi da kyau ka tambayi kanka ko za ka iya shan sa ranar da ƙishi ya zo.

Sarkin kayan aiki a Tenere ba ya cikin akwati ko ɗaya. Shebur ne. Mutanen birni sukan raina shi saboda ba ya ƙyalli, kuma sun saba ganin sa a hannun lebura. To a can kowa lebura ne, har alhajin da ya biya kuɗin kujerar gaba. Motar za ta kafe, wannan ba a tambaya. Direba zai taka mai da zuciya, tayoyin baya su haƙa wa kansu rami har cikin motar ya zauna a ƙasa, sannan ya kashe inji ya ce, “Jama'a, a sauko.” A nan ne ake gane wanda ya yi shiri. Mai shebur biyu zai fita cikin rabin awa. Mai shebur ɗaya zai samu mutum goma masu ba da shawara da mutum ɗaya mai haƙa. Wanda bai zo da ko ɗaya ba zai gano cewa kwanon tuwo ma yana kwasar rairayi, sai dai a hankali.

Abokan shebur su ne faifan ƙarfen nan biyu masu huji-huji da ake ratayawa a gefen mota. Ana haƙe gaban taya, a cusa su ƙarƙashi, mota ta hau ta wuce. Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne, in ta hau ba ta tsayawa, don in ta tsaya za ta sake nutsewa. Sai ta kai wuri mai tauri, wani lokaci da nisa. Faifan kuma nauyin mota ya binne su. Wani ne zai tono su, ya saɓa a kafaɗa da zafinsu, ya bi sawun taya a guje. Wannan wani, a bisa al'ada, karen mota ne. In ba ka da karen mota, to ka dubi madubi. Masu wayo sukan ɗaura wa kowane faifai guntuwar igiya mai launi don a ga inda ya shige.

Sai maganar iska. Kafin a shiga rairayi ana sassauta tayoyi har su yi tumbi, don su shimfiɗu a kan yashi maimakon su yanka shi. Fitar da iska aikin tsinke ne, yaro ma zai iya. Mayar da ita idan an fito kan duwatsu shi ne inda ake rabuwa da abokai. Ka sayi famfo mai aiki da batirin mota, ka yi alfahari da shi, amma ka ɓoye na hannu a ƙarƙashin kujera, domin na batir yakan zaɓi tsakar rana ya yi zafi ya ɗauke. Taya huɗu da famfon hannu, a rana mai narka roba, sun isa su sa mutum ya tuna duk zunuban da ya yi tun yana makarantar allo. Safaya biyu, tif-tif, kayan faci da ƙarafan ɓare taya: waɗannan ba a yin gardama a kansu. Jak kuma kada ya tafi shi kaɗai. Ka haɗa shi da guntun katako mai kauri da zai zauna a kai, in ba haka ba kana juyawa yana nutsewa, mota na kallon ku.

Fanbel, filtar mai da tiyon lagireto ka saye su a Agadas, ka wuce.

Igiya ta cancanci a tsaya a kanta. Kana buƙatar mai ƙarfi ta jan mota, kana kuma buƙatar doguwa ta guga. Rijiyoyin hamada ba irin na tsakar gida ba ne. Wadda ke wurin da ake kira Bishiyar Tenere, da aka haƙa ta an tarar saiwar bishiyar ta bi ruwa ƙasa fiye da mita 30. Ka isa bakin irin wannan rijiya da igiyar shanya mai mita 10, ka leƙa, ka gai da ruwan daga nesa. Ita bishiyar, ta yi shekara da shekaru ita kaɗai, babu wata a kewayenta sai an yi tafiya mai nisa. Ayarin raƙuma na gishiri sun yi ta wucewa ta gefenta ba wanda ya karya mata reshe don dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya samu duk faɗin hamadar nan bai ishe shi ba, ya banke ta. Gangar jikinta yanzu tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe. Don haka in kana duba kayan aiki, ka ɗan duba direban ma.

Akwai kayan da ba a sayar da su a shagon kanikanci, a madafa ake sato su. Sabulun wanki na sanda: in tankin mai ya tsage, a murza shi a kan tsagar, yakan riƙe har a kai gari. Garin masoro: ana zuba shi a lagireto mai ɗiga ya toshe ƙaramin huji, ko da yake bakaniken da zai wanke lagireton daga baya ba zai sa maka albarka ba. Sai tsohon tif da aka yanka siri-siri, da waya mai lanƙwasuwa. Da waɗannan biyu ake ɗaure salansa, murfin batir, ƙofar da ta daina rufuwa, da takalmin da ya tsinke. In aka ce in zaɓa tsakaninsu da dukan akwatin nan mai jan fenti, ko tunani ba zan yi ba.

Wayarka ta hannu za ta daina samun sabis jim kaɗan bayan ka bar Agadas, daga nan ta zama tocila mai tsada. Masu hali sukan riƙe Thuraya, mai magana ta tauraron ɗan'adam. Na'urar nuna hanya tana da kyau, amma ba ta san wane tudun rairayi ne ya tashi daga wurinsa bara ba. Wannan sai jagora, irin Buzayen da kakanninsu suka yi ta kai gero Fachi da Bilma suna dawowa da kantun gishiri da dabino. Bargo ma kayan aiki ne: a watan Janairu sanyin daren Tenere yakan kai hannu ya kasa riƙe sifana.

Kada ka manta da butar shayi, gawayi da sukari, kuma kada ka sa su a lissafin abinci. A ayari ba kowa ne ke ɗaukar komai ba. Wani yana da babban jak, wani yana da batir na biyu, wani bakanike ne da ya ɓoye sana'arsa don kada a dame shi. Ba a zuwa wurin irin wannan mutum a ce, “Malam, ara mini.” Ana hura wuta ne a inuwar mota, a bar ƙamshi ya yi aike. In ya zauna ya sha kofi na farko mai ɗaci, ka yi masa hirar hanya. A na biyu ka ambaci cewa injinka yana wani irin tari tun safe. Kafin a zuba na uku zai ce, “Ɗan buɗe bonet ɗin in gani,” sannan ya miƙo hannu ya ce a ba shi lamba 10.