Yadda Za Ka Haɗa Bidiyon Muda Lawal Ba Tare Da Ɗan Dako Ya Yi Ɗingishi Ba

Idan wani Alhaji mai kayan gwari a Kasuwar Muda Lawal ya kira ka ka yi masa bidiyon tallar da zai saka a TikTok da Facebook, ka sani ba kai kaɗai ne mai ɗauka ba. Kafin ka kafa kyamararka, yaron shago ya riga ya ɗauki saukar kwandunan tumatir da Tecno ɗinsa tun da sassafe, ƙanin Alhaji kuma ya ɗauki masu yayyafa wa latas ruwa da iPhone. Alhaji zai ce, "Malam, duka za a sa, kada a bar ko ɗaya." Ka ce, "An gama, Alhaji." Amma ka san abin da ka karɓa.

Bidiyo hotuna ne a jere da ake wucewa da su a guje, kuma kowace na'ura da adadin da take ɗauka a daƙiƙa. Sinima ta tsaya a 24 tun ƙarshen shekarun 1920, da fim ya fara magana. Talabijin ɗinmu 25 ne, domin wutar lantarkin Nijeriya sau 50 take bugawa a daƙiƙa, kamar ta Ingila. Ta Amurka 60 ce, sai suka ɗauki 30, da talabijin mai launi ya zo a 1953 suka ɗan rage zuwa 29.97. Wayoyin aljihunmu kuwa galibi da 30 suke fitowa daga kamfani, mai son gayu ya ɗaga zuwa 60. Ga kyamararka a 25, ga Tecno a 30, ga iPhone a 60: mudu uku ke nan a buhu ɗaya, kuma kowa a kasuwa ya san inda irin wannan awo ke ƙarewa.

Saboda haka, kafin ka jefa komai cikin Premiere ko CapCut ko DaVinci Resolve, ka yanke lambar aikin da kanka. Premiere yakan bi bidiyon da ka fara ja, ko da na yaron shago ne. Resolve kuwa yakan kulle lambar da zarar ka shigo da kaya. Tambayi kanka ina bidiyon zai je. In gidan talabijin kamar BATV ko NTA za a kai, 25. In a waya zai ƙare, kuma yawancin kayan daga waya suka fito, 30 ya fi zaman lafiya.

Ga dalili. Idan ka tura mai 30 cikin aikin 25, kwamfuta ba ta shawara da kowa: hoto ɗaya take jefarwa a cikin kowane shida. Sai ka ga ɗan dako yana tura baron albasa lafiya lau, amma ƙafarsa na ɗan tsalle a kai a kai, har mahaifiyarsa in ta gani ta aiko a tambaya ko ƙaya ya taka. In ka juya, mai 25 cikin 30, sai ta maimaita hoto ɗaya a kowane biyar, ɗingishin ya koma ɗaya ƙafar. Abin ya fi tona kansa idan kyamara tana juyawa a hankali a kan teburan lemu da kankana. Mai 60 cikin 30 kuwa ba rigima, ana ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Haka ma 50 cikin 25.

Dabarar da na fi so mai arha ce. Duk ɗaukar da ba a magana a ciki, in aikin na 25 ne, ka ce wa manhajar ta karanta mai 30 a matsayin 25. Gudunsa zai koma kusan kashi 83 cikin 100, ba hoton da aka zubar, tumatir ya gangaro daga kwando cikin natsuwa. Na iPhone ɗin nan mai 60, in ka shimfiɗa shi a 30, rabin gudu ne cif, ruwan nan da ake watsa wa latas ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo a ganye har mai kallo ya ji yana son kwaɗo. Sai dai kada ka kuskura ka yi wa maganar Alhaji haka. Muryarsa za ta ja ta yi kauri, iyalinsa ma su kasa gane shi.

Akwai wani maɓalli da ake kira Optical Flow, wanda kwamfuta ke ƙirƙiro hotunan da babu don cike giɓi. A wuri mai sarari yana aiki. A cunkoson Muda Lawal kuwa, yana iya ba mai goro hannu uku, ya narkar da gefen Keke Napep. Ka gwada shi a gajeren wuri, ka duba da idonka kafin ka fitar.

Waya tana da wata ɗabi'a kuma: takan sauya lambarta tana cikin ɗauka, musamman in an shiga rumfa mai duhu. Sakamakon shi ne, bayan 'yan mintuna, Alhaji ya rufe baki amma farashin kwando yana ci gaba da fitowa, masu saye su fara zargin wani ne ya faɗi kuɗin. Maganinsa ka fara wuce da bidiyon ta HandBrake, kyauta ce, ka ɗaure shi a lamba ɗaya kafin tacewa. Kuma a turo maka asalin fayil ta Xender ko kebul, domin WhatsApp matse bidiyo yake in ba a matsayin takarda aka aiko ba.

Hasken da ke kaɗawa a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago, wannan tun wurin ɗauka ake kashe shi: a ɗauka a 25 ko 50, ko a saita shata a 1/50 ko 1/100. iPhone ma yana da saitin PAL mai ba da damar ɗauka a 25, a kunna shi.

Don Allah 'yan'uwa masu ɗauka, ranar aiki ku tara duk mai waya a bakin rumfa, ku saita lamba ɗaya kafin kowa ya danna. Minti biyu ne, kuma edita zai kwana a gidansa.