Zuwa Ga Bazazzagi: Je Ka Ɗauki Darasi Wurin Kabare

Malam na Zariya, ina gaisuwa, duk da ba a saba ubangida ya riga bawansa gaisuwa ba. Labari ya iso Kano cewa ginin nan naka har yau yana kan linta, ciyawa ta cinye falo, awakin unguwa sun raba ɗakuna. Amma kullum ka zauna sai ka cika mana kunne da Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. To, mun ji, kakanku gwani ne. Kai fa?

Na samo maka malami, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. Kabare ne, tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da baƙin kai da jajayen idanu, wanda ke cika bishiyar dalbejiya da hayaniya da damina. Tsawonsa bai wuce santimita 17 ba, ba shi da hannu, ba shi da ɗan kwangila. Da baki yake tsage ciyawa ko ganyen kwakwa, ya tashi da ita ta yago siririya. Ya fara ƙulla zobe a ƙarshen reshe, ya tsaya a cikinsa ya saƙa rufi, sannan ɗakin ƙwai, sannan zaure, ƙofa kuma tana kallon ƙasa don maciji ya sha wahala. Zare kamar 300 ke shiga gida ɗaya, kuma a yini guda yakan gama. Yini guda, Malam. Kai ko siminti ka je tambaya sai ka kwana biyu a Sabon Gari.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne wajen neman aure. Idan ya gama, sai ya rataya a ƙarƙashin gidan kai a ƙasa, yana kaɗa fikafikai, yana rera wata waƙa mai kama da ƙarar tsohon keken ɗinki. Mace ta zo, waƙar kaɗai ba ta ishe ta ba. Ciki take shiga, ta ja nan, ta ja can, ta ga ko saƙar za ta riƙe. Ɗanyen gida kore take so. Idan ya bushe ya yi ja babu wadda ta amsa, da kansa yake yage shi ya zubar, ya kafa sabo a wurin. Wasu masana 'yan Amurka, Nicholas Collias da matarsa Elsie, sun shafe shekaru suna bin wannan ɗabi'a, har ƙasar Senegal suka je. A damina ɗaya namiji kan saƙa gidaje har 20, ya ajiye mata har biyar. Kai kuwa guda ɗayar da aka yi maka alkawari, iyayenta sun gaji da jin "bayan Salla".

Kada ka ce ina zuga shi a banza, yana da halinku ma. Da zarar mace ta shimfiɗa taushin ciyawa da gashi ta saka ƙwai biyu ko uku, ita kaɗai za ta kwanta a kai kusan mako biyu, gogan yana can yana yi wa wata waƙa. Ga ɓarna a gonar gero da dawa da shinkafa. Ga surutu: gida fiye da ɗari a bishiya ɗaya, kowa na magana, ba mai saurare. Duk wanda ya taɓa zama a majalisarku ta Tudun Wada ya san abin da nake nufi.

Matan kuwa ba a yi musu wayo. Akwai wani tsuntsu mai koren baya, didirik, da ke lallaɓowa ya saka ƙwansa a gidan kabare don a yi masa reno kyauta. Sai dai kowace kabariya da launin ƙwanta, wata fari, wata shuɗi-shuɗi, wata mai ɗigo-ɗigo, kuma ta san nata. Ta ga baƙo, waje za ta jefar da shi. Na faɗa maka ne don ka daina shirin tarewa da amarya a ɗakin sauke baƙi na yayanka.

Har ƙetare ya je ya yi suna. Tun ƙarni na 18 aka kai shi Haiti, inda ake kiransa Madam Sara, sunan da suke kiran matan da ke fatauci tsakanin ƙauye da birni. Ka ga ko a can kasuwanci aka jingina masa, wato dai jininmu ne na Kanawa.

Saboda haka, Malam, damina na tafe. Ka nemi bishiyar da suka sauka, ka shimfiɗa buzu, ka zauna da ladabi kamar sabon almajiri. Kuɗin shara na bara kuma har yanzu ban gani ba, ka haɗo da na bana.