Bol Ɗaya Ne Fa, Me Zai Ci Yini Guda?

Masu mota, ku matso, yau da ku nake. Musamman kai Alhaji, da ka riga ka taɓe baki tun daga ganin take, kana cewa an rasa abin tattaunawa sai guntun ƙarfen da bai kai ɗan yatsa ba. Na ji ka. Amma guntun ƙarfen nan ne ke sa bakaniken da ya ce maka "minti 10 ne, ranka ya daɗe" da hantsi, a kira la'asar yana nan kife a kan inji, ko sallama ya daina amsawa.

Bol ɗin da nake nufi shi ne mai ɗaure manifol a jikin tof silinda. Manifol kuwa shi ne ƙarfen nan mai rassa da ke tattara hayaƙin kowace silinda ya miƙa wa salansa. Idan mota na jan kaya ko hawan tudu, zafin hayaƙin kan wuce digiri 700, alhali tof ɗin da aka ɗaura manifol a kansa ruwa na zagaya shi, yana riƙe shi a wajen digiri 90. Manifol ya yi zafi ya miƙe, ya huce ya tsuke. Tof ɗin motocin yanzu kuma yawanci na alminiyom ne, wanda buɗewarsa a zafi ta ninka ta ƙarfe kusan sau biyu. Kowa na ja ta nasa ɓangaren, bol mai kaurin milimita 8 yana tsakiya yana shan wahala duk lokacin da ka tayar da mota ka kashe. Shekara da shekaru a haka, wata rana sai kansa ya fille, gangar jikin ta zauna a rami. Na gefe ne kan fara tafiya, domin can miƙewar ta fi yawa, kuma don ƙeta sau da yawa na can baya ne, inda hannu ba ya shiga.

Na hango wani yana gyara hula, yana cewa wannan matsalar ƙananan motoci ce, shi tasa 'yar Amurka ce. Sannu da ƙoƙari, Yallaɓai, ai can ne gidan abin. Injin 5.3 na Chevrolet Silverado da Tahoe, da Hemi 5.7 na Dodge Ram, da 5.4 na Ford F-150, duk sun yi suna a garejojin Amurka wajen karya bol ɗin manifol. Ƙari a kan haka, a arewacin Amurka da Kanada gishiri ake watsawa a titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Motar ta sha ruwan gishiri shekaru, ta sauka a Kwatano ko Legas fenti na ƙyalli, tsatsa kuwa ta gama cin amanarka ta ƙasa tun kafin ka biya kuɗin kwastan.

Sai mutumina mai tawakkali. Shi da safe yana jin tak-tak-tak daga inji, bayan 'yan mintoci ƙarar ta ɓace, sai ya ce alhamdu lillahi, mota ta warke da kanta. Malam, ba ta warke ba. Manifol ne ya yi zafi ya kumbura ya toshe kafar, gobe da asuba za ta sake gaishe ka. Leƙa wurin da fitila, za ka ga baƙin toka ya yi zane a gefen gasket. Ta wannan kafa iska ke shiga, sensa ta gaya wa kwamfutar mota cewa fetur ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara zubawa. Ka ga kana ciyar da gidan mai ba da saninka ba. Ta nan kuma hayaƙi ke fita a ƙarƙashin bonet, ya biyo iska ya shigo inda iyalinka ke zaune, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari balle ta yi maka gargaɗi.

Kai kuma Oga bakanike, kada ka yi dariya, na iso kanka. Na san maganinka: a kawo bututu a zura wa sifana, yaro ya hau ya danna. Da wannan dabara bol guda da ya karye yake zama uku. Idan guntun ya leƙo waje, aikin na lallashi ne. A goge tsatsar da burushin waya, a fesa man sassauta tsatsa, a tafi a yi salla a dawo, a ƙwanƙwasa kansa da ƙaramar guduma, a ɗan gasa shi da wuta. Sannan a kama da filaya mai kulle, a juya hagu kaɗan, a dawo dama kaɗan, ana ƙara mai. Da ka ji ya yi ƙara ƙiii ya motsa, to kada murna ta ɗebe ka ka fizga, a nan ne mafi yawa ke sake karya shi.

Idan kuwa ya karye daidai da fuskar tof, ko ya nutse ciki, a kira mai walda. Ku tsaya ku kalli gwani a wannan aiki. Zai goge kan guntun har ya yi fari, ya ɗiga walda ɗigo bisa ɗigo har ta yi ɗan tudu. Ya ɗora wosha ya haɗe ta da tudun, ya ɗora noti a kan wosha, ya cika cikinsa da walda har ya yi ja wur. Daga nan sai ya ajiye kayan aiki ya nemi ruwa ya sha. Ba lalaci ba ne. Zafin nan ya ratsa bol ɗin, ya kumbura shi ya farfasa tsatsar da ta riƙe tiredi, yana hucewa kuma yana tsukewa. Jan ya dushe, sai ya sa sifana a hankali, gaba da baya. Wani lokaci notin ya ɓalle ya bar guntun, sai ya sake ɗaura wani ba tare da ya yi tsaki ba, domin kowane zagaye na wuta ƙara sassauta shi yake.

Na ji ihun Hajiya daga baya: wuta a jikin injina? Alminiyom da ke narkewa a digiri 660? Kwantar da hankalinki. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, kuma shi alminiyom yana kwashe zafi ya watsa da sauri, shi ya sa ramin kan tsira. Tof na ƙarfen zubi ne ma ke son ƙarin kula, don walda na iya manne masa. Abin da ya kamata ki sa wa ido daban ne: a cire kan batir, a maƙala wayar injin walda kusa da wurin aiki, a rufe wayoyi da tiyon fetur da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ya tsallake waɗannan, garin neman gira zai rasa ido, ya fitar da bol ya ƙona kwamfuta.

Akwai kuma 'yan zamani, masu cewa duk wannan ƙauyanci ne, ai ana sayar da maciri, wato ƙarfen zaro karyayyen bol, a kwali, mai murɗaɗɗen baki, a huda bol a zura shi a juya. Haka hoton kwalin ya nuna, na yarda. Abin da kwalin bai faɗa ba shi ne, macirin ƙarfe ne mai tsananin tauri, ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsinke. Ya tsinke a cikin bol kuwa, ka samu abin da bakin huda na yau da kullum ba ya ci, sai a sauke tof gaba ɗaya a kai wa masu injin gyaransa. Idan huda ta zama dole, a buga ɗigo a tsakiyar guntun cif, a fara da siririn baki, a riƙe injin huda a miƙe. Bakin da ke juyawa hagu ya fi, domin yana huda yana kwancewa, wani lokaci guntun ya biyo shi ya fito. A naɗa salatif a jikin bakin don a san iyakar zurfi, saboda bayan ramin nan hanyar ruwa ce. Wanda ya zarce, zai ga ruwan lagireto na tsiyaya ta inda bol ya kamata ya zauna. Idan tiredi ya lalace, ana faɗaɗa ramin a sa masa sabon tiredi na waya da ake kira Helicoil, ya koma riƙe bol kamar da.

To bol ya fito, sai Alhaji ya sake tasowa: a mayar da sauran tsofaffin mana, ai lafiyarsu ƙalau. Wutar da ta karya wancan ita ta gasa waɗannan, ranka ya daɗe, layi kawai suke bi. A aika Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo sababbi masu ƙwari, da sabon gasket. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar manifol a duba, in ya banƙare a kai a daidaita shi, in ba haka ba zai karya sabon ma. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, da awo, yawanci wajen Nm 25 ga bol mai milimita 8, ko abin da littafin motar ya ce. Ɗauri har sai jijiyar wuya ta tashi ba ƙwarewa ba ce.

Saboda haka, ranar da bakanike ya ce maka bol ya karye a tof, kada ka tsaya a kansa kana duba agogo kana kirga masa mintoci. Ka bar masa motar ta kwana, ka biya mai walda haƙƙinsa ba tare da ciniki ya kai ga rantsuwa ba. Kuɗin yini guda na aikin haƙuri bai kama ƙafar kuɗin sabon tof silinda ba.