Rage wa Katifar Iska Nauyi

Katifar iska shimfiɗa ce ta roba da ake hurawa da dare, a sace iskar da safe a naɗe. Masu yawon ƙasa a duwatsun Turai da Amurka sukan rage mata nauyi: su yanke ta daidai gwiwa, su manne bakin da dutsen guga mai zafi, ƙafafu kuma su kwana kan jaka. Ribar wannan tiyata duka ba ta wuce nauyin ƙullin goro ba.

A ƙasar Tambuwal da Kebbe an kammala wannan bincike tun zamanin kakanni. Ɗan ci-rani yana naɗe tabarmar kaba, malami yana saɓa buzu, wanda dare ya riska a tashar Tambuwal, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, kwali ya wadatar da shi. Babu mai buƙatar huhu kafin ya kwanta.

Sauran gyaran kuwa ƙaya ke yi kyauta. Tsinin farar ƙaya guda ɗaya kan mayar da katifar leda kafin asuba, mai ita ya farka a ƙasa. Tabarma dai ba ta faci.