Haƙorin Alhaji Bai Shiga Kasafin Bana Ba

A daren ƙarshe na Disamba Alhaji ya jawo littafin lissafinsa, ya gyara zaman tabarau, ya shiga yanka wa shekara mai zuwa riga da wando. Kuɗin makarantar yara, zango uku. Shinkafa da gero da sukarin azumi. Ragon layya, wanda za a saya da wuri a ɗaure a bayan gida kafin tsada ta hau kansa. Ankon bikin ƙanwar Hajiya. Har juyen baƙin man mota ya samu nasa layin, domin bakanike ya ja masa kunne cewa inji ba ya son wasa. Waɗanda ba su samu ko ɗigon biro ba su ne haƙora 32 da za su tauna shinkafar, su yagi ragon, su kuma fito fes a hoton biki. An ce 32 ne don girmamawa; na Alhaji an daɗe ba a ƙirga ba.

Haƙori a ƙasar Hausa lebura ne da ba albashi ba hutu. Shi ne mabuɗin kwalbar lemo, shi ne almakashin tela, shi ke ɓare rake, shi ke fasa ƙashin miya a zuƙe ɓargo, shi ke gurgurar ƙanƙara a zafin Afrilu. Ladansa goro safe da yamma, har ya rine ya koma kalar tukunyar ƙasa, sai kuma tsinken tsintsiya bayan an ci tsire.

Duk wannan wahalar da sauƙi a kan abin da ke faruwa a teburin mai shayi. Mai shayi ba ya auna sukari, ɗiba yake, kuma in ya tsaya a cokali uku sai a tambaye shi ko gaba ake da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi wa baligi alheri shi ne kada sukarin da yake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 25 a yini, wato ƙananan cokula shida. Kwalbar lemo guda ta haura hakan. Alhaji kuwa kan cika nasa kason kafin hantsi, sannan alkaki ya biyo baya, da dubulan na gidan suna, da tuwon madarar da ya ƙwace wa autansa wai don kada ya ɓata masa haƙori. Gwamnatin Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Ba a ji labarin wanda naira goma ta raba da kwalba ba.

Yadda ɓarnar ke tafiya ba wani asiri ba ne. A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙori. Da sukari ya iso sai su ci, su fitar da ruwa mai tsami da ke zaizaye farin sulken haƙorin, kuma yawu na bukatar wajen rabin awa kafin ya kwantar da wannan tsami. Saboda haka mai kurɓar shayi kaɗan-kaɗan daga safe zuwa la'asar ya fi cutar bakinsa a kan wanda ya shanye nasa lokaci guda ya tashi. Sulken ba shi da jijiya, shi ya sa kogo kan yi watanni yana girma ba tare da ko sallama ba. Bango ya tsage tun bara, ƙadangare ya shige, har ya yi aure a ciki.

Sallamar kan zo da ƙarfe biyun dare.

A nan ake ganin yadda unguwa ke cike da likitoci. Da haƙorin Alhaji ya motsa, Hajiya ta daka kanumfari ta cusa masa, kuma ita ce mai gaskiyar cikinsu, don man kanumfari na kashe zafi na ɗan lokaci, ko da yake ba ya cike kogo. Maƙwabci ya ce jar kanwa. Direba ya rantse da ruwan batir, wani ya ce ɗigon fetur a auduga, wani ya ce a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, abin da ba ya haifar da komai sai ƙuna a naman baki. Da gari ya waye aka aika yaro kemis ya haɗo "na dubu ɗaya", ja da fari da mai ruwan ɗorawa. Kwana uku zafi ya lafa, Alhaji ya yi hamdala. Sau da yawa lafawar nan alama ce ta cewa jijiyar haƙorin ta mutu, mugunya kuma ta soma taruwa a gindinsa tana jiran ranar da za ta kumbura kumatu.

Ran kasuwa kuma ga mai cire tsutsar haƙori da kaskon garwashinsa da kwanon ruwa. A turara wa mutum hayaƙi a baki, can sai a nuna masa wasu fararen abubuwa suna yawo a ruwa, a ce ga ɓarayin nan. Wannan sana'a ta girmi kowa a kasuwar: mutanen Babila sun rubuta labarin tsutsar haƙori a allunan yumɓu, Turawa ma sun yi ƙarnuka suna turara irin wani tsiro wanda in ya ji wuta yake fashewa ya fitar da farin zare mai kama da tsutsa. Bafaranshe Pierre Fauchard ya yi watsi da zancen a littafinsa na 1728, sannan a 1890 Ba'amurke Willoughby Miller ya bayyana cewa ƙwayoyin cuta ne da tsamin da suke fitarwa. Labarin dai bai iso wajen mai kasko ba, kuma ba ya gaggawar jin sa.

Sai da fuskar Alhaji ta koma kamar ya ɓoye mangwaro a kunci sannan aka nufi asibiti, rawani ya rufe rabin fuska. Kafin likita ta buɗe baki ya riga ya yanke hukunci.

"Likita, cire shi kawai za ki yi in huta."

"Alhaji, da ka zo wata shida baya, ciko kawai za a yi, ko rabin awa ba za ka yi a kujerar nan ba. Yaushe rabonka da wankin haƙori?"

"Allah ya kiyaye. Ai an ce wankin nan shi ke sa haƙori girgiɗi."

Wannan fatawa ta zaga gari, kuma ta juya gaskiya ne a kife. Dattin da ya daskare ya zama dutse a gindin haƙora shi ke kumbura dasashi, yana cin ƙashin da ke riƙe da su a hankali. In an kankare shi sai mutum ya ji iska na ratsawa, ya ɗora wa likita laifin ramin da dutsen ya daɗe da haƙawa. Jinin da ake tofarwa wajen goge baki ma ba ƙarfin burushi ba ne kawai, dasashi ne ke kuka, kuma masu ciwon sukari da mata masu juna biyu sun fi kowa bukatar a duba musu shi. Abin ban dariyar shi ne mutumin da ke tsoron na'urar wanke haƙori shi ne wanda ya miƙa lafiyayyen haƙorinsa a Saudiyya aka sa masa haƙorin Makka, ya dawo yana dariya ko an yi rasuwa.

Ba Alhaji kaɗai ba ne, a yi masa adalci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki. Sai dai yawan 'yan makoki bai taɓa rage zafin turmi ba.

Da za a ba haƙori layinsa a littafin, ba zai kai kuɗin ƙafar rago ba. Burushi huɗu ga kowane mutum, sabo duk wata uku, maimakon wancan da gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya tun zaɓen da ya wuce. Makilin mai sinadarin fuloraid, sau biyu a rana, minti biyu, musamman kafin barci lokacin da yawu ke raguwa. A tofar, kada a bi shi da kurkura har sau bakwai. Asuwaki na nan da darajarsa ta sunna da ta tsafta, in dai gogawa ake da shi har turamen ciki, ba a maƙale shi a gefen baki kamar sigari ana zagayen majalisa ba. Sai ganin likita sau ɗaya ko biyu a shekara, gwargwadon abin da ya gani. Mai wayo kan je kafin azumi, don ciwon haƙori da ƙishirwa ba sa zama ɗaki ɗaya. Wanda ke son ranar da ba zai manta ba, 20 ga Maris ce ranar lafiyar baki ta duniya.

Yara sun fi kowa shan sakacin kula da haƙori, da hujjar cewa ai za su yi famfara. Gaskiya ne haƙoran yarinta 20 za su zube, amma wajen shekara shida wani turmi kan fito can baya ba tare da ya ture kowa ba, kuma shi na dindindin ne. Iyaye da yawa kan bar shi ya ruɓe suna jiran magajinsa, alhali ba shi da magaji.

An dai cire na Alhaji. Ya fito da auduga a baki yana alkawari da hannu cewa daga yau shi da zaƙi sai a lahira, har ya sa Hajiya ta tuna masa ya ƙara layi a littafi. Bayan kwana takwas aka gan shi a bencin mai shayi, ya karkata kai yana kurɓa ta ɓangaren da ya rage. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya miƙa kofin.

"Malam, wannan ai ruwan zafi ka ba ni. Ƙara cokali biyu."