Ire-iren 'Yan Ƙwadagon Rani

Da hunturu ya kama, fadamun Kudan da Ikara suka yi jajir da tumatir, raken Maƙarfi ya isa sara, sai 'yan ƙwadago su ɓullo ta ko'ina. Adda iri ɗaya ce, hali ne kowa da nasa.

Na farko ɗan jinga. Da kwando ake biyansa, don haka ɗanye da nunanne duk tumatir ne a wurinsa. Ka yi magana ya ce, "Alhaji, kafin ya kai Legas ai ya nuna."

Sai ɗan yini, wanda ya san ladansa na hannun rana. Yakan ɗauki tumatir guda ya jujjuya shi kamar mai sayen zobe. Wasa adda kawai sai ya kai shi hantsi, amma ranar Allah bai taɓa makara wajen ƙwaryar fura ba.

Akwai mai ɗanɗano, gwanin gonar rake. Kowane dami sai ya zare kara ɗaya, wai yana duba zaƙi kada a cuci masu mazarƙwaila. Ba a cigiyarsa, tarin ɓawo da tofi ke nuna inda ya bi.

Ga mai gyaran fuska. Shi ke jera manya-manya masu sheƙi a saman kwando, ya binne taɓaɓɓu a ƙasa, ya rufe da takarda ya ɗaure tamau. Mai gona na tsine wa halinsa a baki, kuma shi yake fara aika wa kira.

Masanin farashi kuwa bai taɓa wuce Zariya ba, amma ya san yadda kwando ya kwana a kasuwar Mile 12 ta Legas. Waya a kunne, kwandonsa fayau.

Tsohon hannu labari yake sayarwa. Da idonsa ya ga buɗe kamfanin tumatir na Ikara a 1981, ya kuma ga tsutsar da ta cinye gonaki a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Yana bayani, yara na cika masa kwando.

Na ƙarshe ba a jin muryarsa. Da asuba ya sunkuya, sallah kaɗai ke miƙar da shi, shi ke tsinke rabin gonar. Mai gona, in an zo sallama da yamma, ka fara da shi.