Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa

A 1940 jirgin yaƙin nan Corsair, wanda kamfanin Vought ya ƙera wa sojan ruwan Amurka, ya fara tashi. Ƙarfin injinsa na doki 2,000 ne. Farfelarsa ta yi girma, har sai da aka lanƙwasa fukafukan don kada ta yi noma a ƙasa. A sama dai, sai masha Allah.

Matsalarsa ɗaya ce tak, sauka. Hancinsa zaƙwaƙwal, matuƙi ba ya ganin jirgin ruwan da zai dira a kai. In ya rage gudu, fiffiken hagu ya zube. In taya ta taɓa, ya yi tsalle kamar ɗan akuyar da aka kwance. Sojan ruwan Ingila ne suka gano dabarar tunkarar jirgin ruwan a karkace, ana leƙe ta gefe.

Yanzu dattawan da suka yi ritaya ke ƙera ƙananan irinsa masu rimot. Mutum ya shafe watanni a gareji yana ƙirga kawunan ƙusa. Shuɗin fentin sai ya zo daidai. Har da ɗan matuƙi na roba, da tabaransa.

Ranar Asabar a fita fili. Jirgi ya tashi, a yi tafi. Wajen sauka, fiffiken hagu ya zube. Rugum!

Mai shi ya tsince tarkacen a leda, yana bayani cikin alfahari cewa na asalin ma haka yake yi.

Matuƙin robar dai ko ƙwarzane bai yi ba.